Saƙar Hannu Da Kariyar Jarirai Lokacin Hunturu

Duk wanda aka ambata wa Maiduguri, abin da ya kan fara faɗo masa a rai shi ne zafi. Yana kuwa da hujja, gama a watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi ya kan haura digiri 40 da rana, har inuwar darbejiyar da ta ƙawata titunan birnin ta zama abin rububi. Amma wanda ya taɓa kwana a garin cikin Disamba ko Janairu ya san akwai sauran labari. A wannan lokaci iskar hunturu ta kan kaɗo daga arewa maso gabas, ta ratso hamada ta ƙasar Chadi, ta iso da hazo da bushewa. Da asuba ma'auni ya kan sauko wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ma ƙasa da haka. Haka abin ya ke, da ɗan bambanci kaɗan, a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, balle kuma Jos da ke bisa tudu.

Babban mutum ya kan ja bargo, ko ya matsa kusa da wuta, har rana ta ɗaga. Jaririn da aka haifa jiya ba shi da wannan dabara. An shirya wannan ɗan littafi domin a nuna wa jama'a cewa saƙar hannu, wadda mutane da yawa su ke ɗauka aikin ɗebe kewa ne kawai na matan aure da 'yan makaranta, tana da amfanin da ya kai ga tsare rai, muddin an yi ta bisa sani.

Abin Da A Ke Nufi Da Saƙar Hannu

Kalmar saƙa a Hausa tana da faɗi, saboda haka ya kamata a rarrabe tun da fari. Akwai saƙar masaƙa, inda a ke ja zare a tsaye, a riƙa gitta wani da ƙoshiya, a sami ƙyalle kamar saƙi ko gwado. Ba ita a ke nufi a nan ba. Wadda a ke nufi ita ce wadda a ke yi da zare guda ɗaya tak, ana lanƙwasa shi ana zura kowace lanƙwasa cikin 'yar'uwarta. Kowace lanƙwasa ɗaya, a cikin wannan littafi za a kira ta ido. Da ya ke idanun a sarƙe su ke, ba a ɗaure ba, abin da aka saƙa ya kan tale ya koma, ya bi siffar kai ko ƙafa, ya kuma riƙe iska a tsakankaninsa. Wannan iskar da ta maƙale ita ce ta ke hana ɗumin jiki fita.

Iri biyu ne aka fi sani. Akwai ta allura biyu dogaye marasa kafa, inda idanu da yawa su ke jere a bisa allura ɗaya ana kwashe su zuwa ɗayar. Akwai kuma ta kwarashi, watau tsinke ɗaya mai ƙugiya a baki, inda a ke aiki da ido ɗaya ɗaya. Kwarashi ya fi saurin koyo, ya kuma fi dacewa da jaka da shawul da marufin kwano. Saƙar allura biyu ta fi laushi da talewa, ta kuma fi tattalin zare, shi ya sa ta fi dacewa da hula da safa da rigar sanyi.

Wasu suna zaton aikin Turawa ne tun asali. Ba haka tarihi ya nuna ba. Saƙaƙƙun kaya mafi daɗewa da aka tono a Masar aka same su, safa ce ta zaren auduga fari da shuɗi, wadda masana su ka ƙiyasta an yi ta tsakanin ƙarni na 11 da na 14, wasunta da ado mai siffar rubutun Larabci. A ƙasar Sifen ma an sami saƙaƙƙen matashin kai a kabarin wani ɗan sarki da ya rasu a 1275, shi ma da rubutun Larabci a gefensa. Sai daga baya sana'ar ta bazu cikin Turai, inda maza su ka riƙe ta da ƙungiyoyinsu, har wani Bature mai suna William Lee ya ƙago injin saƙa a Ingila a 1589. Abin lura a nan shi ne, a ƙasa mai zafi aka sami saƙaƙƙun kaya mafi daɗewa.

Maiduguri Da Aikin Allura

Ƙasar Barno ba baƙuwar zare ba ce. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya isa Kukawa a 1851, ya tarar ana ciniki da ƙyallayen auduga 'yan sirara da a ke kira gabaga a matsayin kuɗi. Bayan da fadar Shehun Barno ta dawo Yerwa a 1907, inda birnin Maiduguri ya kafu, masu sana'o'in hannu su ka biyo ta. A yau babu wani lungu na Nijeriya da ba a san hular Barno ba, musamman wadda a ke kira Zanna Bukar, wadda a ke danganta sunanta ga Zanna Bukar Dipcharima, ministan tarayya a Jamhuriya ta Farko. Ɗinkin hula dai ba saƙa ba ne, gama a bisa ƙyalle a ke zana ado sa'an nan a bi shi da allura mai kafa. Amma haƙurin ɗaya ne, ƙidayar ɗaya ce, kuma hannun da ya iya wannan ba zai sha wuyar koyon wancan ba. Hula mai kyau ta kan ci makonni a hannun gwani, maza da mata kuwa duk suna yin ta. Wannan kaɗai ya isa amsa ga wanda ya ke ganin riƙe zare da allura abin kunya ne ga namiji.

Darajar irin wannan aiki ta fito fili a shekarun tashin hankali. Garin Bama, wanda ya yi suna wajen ɗinkin hula, ya faɗa hannun 'yan Boko Haram a Satumba 2014, sai a Maris 2015 sojoji su ka ƙwato shi. Mutanensa su ka kwararo Maiduguri, su ka bar gona da rumbu da dabbobi. Abin da ba wanda ya iya ƙwace musu shi ne abin da ke cikin yatsunsu. A sansanonin gudun hijira irin su Dalori da Bakassi, kafin gwamnatin jihar ta fara rufe sansanonin birnin daga 2021, an riƙa ganin maza da mata da 'yan mata zaune a inuwa suna ɗinkin hula, da shi su ke samun na cefane da na sabulu. Mai shago ya san abin da gobarar babbar kasuwar Monday ta Fabrairu 2023 ta cinye. Magidanci ya san abin da ambaliyar ranar 10 ga Satumba 2024 ta kwashe, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa, mutane dubbai ɗaruruwa su ka bar gidajensu, ga hunturu saura wata uku ya shigo, ga barguna da tufafi sun bi ruwa. Sana'ar da kayan aikinta duka za su shiga aljihu ɗaya, ba ƙaramar dukiya ba ce a irin wannan hali.

Dalilin Da Ya Sa Jariri Ya Ke Bukatar Hula

Jariri ya fito ne daga wuri mai ɗumi da ba ya canzawa, ya faɗo duniya jikinsa a jiƙe. Fatarsa sirara ce, kitsen da ke ƙarƙashinta kaɗan ne, ba ya kuma iya rawar ɗari irin wadda babba ya ke yi jikinsa ya ɗumama. Bugu da ƙari kansa babba ne idan aka gwada da sauran jikinsa, ta nan kuwa ɗumi mai yawa ya ke fita idan an bar shi a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In ya yi ƙasa da haka, jariri ya kan shiga ƙona ɗan abincin da ke jikinsa don neman ɗumi, sai ya yi laushi, ya kasa kama nono, numfashinsa ya rikice, cuta kuma ta sami ƙofar shiga. Haɗarin ya fi tsanani ga bakwaini, watau wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, da kuma wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba.

Saboda haka ne hukumar ta ba da shawara cewa da zarar an haihu a goge jariri ya bushe, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula, a kuma jinkirta wanka har a sami sa'a 24. Wannan magana ta jinkirta wanka ta kan yi wa kakanni da ungozomomi nauyi, domin an saba gaggauta shi. Amma wankan asuba a tsakar gida cikin Janairu ya fi ƙarfin jaririn kwana ɗaya, ko da ruwan mai ɗumi ne, gama ba ruwan ne ya ke cutarwa ba, iskar da ta ke bugun jiƙaƙƙen jiki ce. Wajen tufafi kuwa, shawarar ita ce a ƙara masa riga ɗaya ko biyu bisa abin da babba ya ke sanye da shi a wannan ɗaki, tare da hula.

Ga bakwaini akwai wata dabara da likitoci su ka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya a 1978, lokacin da kwalaben ɗumama jarirai su ka yi musu ƙaranci. Ana ɗaura jaririn a tsakanin nonon uwarsa, fata da fata, dare da rana, jikinta ya zama shi ne kwalbar. Ana yin haka a asibitocin Nijeriya, kuma ba abu ne mai wuya ga matan da su ka saba goyo ba, sai dai wannan goyon gaba ne. Jaririn da a ke yi wa haka ba a sa masa kome sai ƙunzugu da safa da hula, domin kai ne kaɗai ya ke leƙowa waje. To, a nan ne matsala ta ke. Hulunan kasuwa, na kanti da na gwanjo, an yi su ne don cikakken jariri ko wanda ya yi watanni. A kan bakwaini su kan zame su rufe ido da hanci. Mai saƙar hannu ce kaɗai za ta iya auna wannan ɗan kai da zare, ta saƙa masa daidai shi kafin gari ya waye.

Zaɓen Zare

Abin da a ke kira ulu a kasuwa, sunan aro ne daga Turanci, asalinsa kuwa gashin tumaki. Amma tumakin ƙasar nan, da balami wanda aka san Barno da shi, da uda, da 'yan ƙasa, gajeren gashi gare su wanda ba ya kaɗuwa. Ulu na gaskiya daga ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu ya ke fitowa, yana kuwa da tsada. Mafi yawan curin da a ke sayarwa da sunan ulu zaren roba ne da a ke kira akirilik, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙago a 1941, ana kuma sarrafa shi daga sinadaran man fetur.

Ba laifi ba ne a yi aiki da shi. Yana da araha, launinsa ba ya zuba, asu ba ya cin sa, yana kuma jure wanki. Aibinsa biyu ne. Ba ya shan gumi, sa'an nan in ya haɗu da wuta narkewa ya ke yi ya manne wa fata. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, gama lokacin da a ke sa kayan sanyi shi ne lokacin da a ke shigo da kaskon wuta ɗakin mai jego. Auduga ta fi sanyi a jiki, tana shan gumi, ita ce kuma ta fi dacewa da fatar jariri a yawancin watannin shekara, ko da ya ke ba ta kai sauran riƙe ɗumi da talewa ba. Dabara mai kyau ita ce a sa rigar auduga daga ciki, saƙaƙƙiya daga waje.

Mai son sanin irin zaren da ta saya, sai ta yanki ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ta riƙe shi da awartaki ko bakin almakashi, ta kusantar da shi ga ashana a waje, nesa da yara. Ulu na gaskiya ya kan yi ƙaurin gashi, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage ya murtsuke a yatsa. Auduga ta kan ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Zaren roba kuwa ya kan ƙanƙance ya narke, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Kafin a saya kuma, a goga curin a wuya ko a kumatu. Abin da ya yi wa babba kaushi, jariri ba zai iya da shi ba. A guji zare mai tashin gashi da mai ƙyalƙyali, kome kyansa a ido. In aikin babba ne, a sayi zaren da zai isa gaba ɗaya, domin launi ɗaya ya kan ɗan sha bamban daga wannan kwali zuwa wancan.

Yadda A Ke Saƙa Hular Jariri

Saƙar allura biyu duk yawan adonta a kan motsi biyu ta ke tsaye. Na farko, a zura allura cikin ido ta gaba, zare yana baya, a jawo sabon ido. Za a kira shi saƙar gaba. Na biyu kishiyarsa ne, zare yana gaba, a tura sabon ido baya. Shi ne saƙar baya. Waɗannan biyu ba a koyon su sosai daga takarda. Zama ɗaya kusa da wadda ta iya ya fi shafi goma.

Abin da takarda za ta iya koyarwa shi ne lissafi, shi ne kuwa masu koyo su ka fi rainawa. Hannun kowa da irin riƙonsa: wata ta kan matse, wata ta kan saki. Saboda haka kafin a fara kowane aiki, lalle ne a saƙa ɗan gwaji kamar faɗin tafin hannu, a shimfiɗa shi, a ƙidaya ido nawa ne su ka cika santimita 10. Da zare matsakaici da allura mai kaurin milimita 4, a kan sami wajen ido 22. Wadda ta tsallake wannan gwaji don ganin ɓata lokaci ne, sau da yawa ta kan gama hular jariri ta tarar ta ɗan shekara uku ce.

Kewayen kan cikakken jariri ya kan kama daga santimita 33 zuwa 36. Ana saƙa hula ta ɗan gaza kan, domin za ta tale. Bisa lissafin da ya gabata, ido 72 za su ba da kusan santimita 33. A ɗora su a allura ba tare da matsewa ba, gama bakin da ya matse ya kan bar shaida a goshi. A fara da gaba biyu, baya biyu, har ƙarshen layi, a yi ta maimaitawa har tsawon ya kai santimita 4. Wannan shi ne bakin hula mai kamawa kamar roba. Daga nan sai layi ɗaya gaba zalla, layi ɗaya baya zalla, har tsawon duka ya kai santimita 8. Sa'an nan a shiga ragi. A saƙa ido 7, a haɗe biyu su zama ɗaya, a maimaita har ƙarshen layi, za a ga saura 64. A dawo da layin baya ba ragi. Layi na gaba a saƙa 6 a haɗe biyu, saura 56. Haka za a bi, 5, 4, 3, har a wayi gari ido 8 su ka rage. A yanke zare da saura mai tsawo, a zura shi cikin takwas ɗin da allurar ɗinki, a tsuke, a ɗinke gefe da gefe ɗinki mai kwanciya wanda ba zai gurji fata ba. Curi ɗaya mai giram 50 ya isa hula, har ya yi saura. Ga bakwaini kuwa, a auna kan da zare, a rage ido takwas takwas har a zo daidai.

Kada a sa wa hular jariri igiyar ɗaurewa a wuya. Kada a manna mata maɓalli ko duwatsun ado ko tuntu mai zubar da zare. A duba cikin safa a datse duk wani zaren da ya yi lilo, domin siririn zare ya kan naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu, uwa tana ta rarrashi ba ta san abin da ya ke sa kuka ba.

Kada A Wuce Gona Da Iri

Kuskuren da ya fi yawa a garuruwa ba rashin rufe jariri ba ne, yawan rufewa ne. A kan ga jariri da tsakar rana cikin Maris an sa masa hula da safa da rigar sanyi, an naɗe shi da shawul mai kauri, don kawai kayan sababbi ne ana so 'yan barka su gani. Zafin da ya wuce kima shi ma cuta ne: yana kawo ƙuraje, yana ƙarar da ruwan jiki, yana kuma cikin abubuwan da likitoci su ke dangantawa da mutuwar jarirai cikin barci. Hunturun ƙasar nan na dare da safiya ne. Da hantsi ya ɗaga sai a rage kaya. Uwa ta riƙa sa bayan hannunta a ƙirjin jariri ko ƙeyarsa. In ta ji gumi, ta cire hula. In ta ji ciki da ƙafa duk sun yi sanyi, ta rungume shi fata da fata, ta ba shi nono. In bai ɗumama ba, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laƙwas, to, maganar ta wuce hula, sai asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Wajen kwanciya, a kwantar da shi rigingine, kada shawul ya kai fuska. Kaskon gawayi kuwa ba a kwana da shi cikin rufaffen ɗaki. Yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta kuma sha hallaka mutanen ɗaki gaba ɗaya cikin barcinsu.

Ga Mai Son Sayarwa

Wadda ta fara saƙa don 'ya'yanta, ba a daɗewa maƙwabta za su fara aiko mata. A nan ya kamata a faɗi gaskiya: saƙar hannu ba za ta iya gasar araha da dilar gwanjo ko kayan inji na ƙasashen waje ba, wadda kuma ta ce za ta gwada, za ta yi aikin wata guda a kan kuɗin zare. Ribarta tana inda inji ba ya kaiwa, watau kayan bakwaini, da kayan suna da aka zaɓi launinsu, da rigar sanyin makaranta daidai jikin yaro, da hular dattijo mai fita sallar asuba, da gyaran abin da ya ɓule. Wajen yanka kuɗi a haɗa abu uku, kuɗin zare, da kuɗin mota zuwa kasuwa, da ladan sa'o'in da aka zauna. Na ukun shi ne mata su ka fi mantawa, musamman in mai sayen 'yar'uwa ce. A karɓi kuɗin zare kafin a ɗora ido ɗaya.

Lokaci ma jari ne. Kasuwar kayan sanyi ba ta wuce wata uku ba, wanda kuwa ya bari sai hazo ya sauko sa'an nan ya nemi allura, zai gama aiki sanyi ya wuce. Da damina a ke farawa. Mata biyar ko goma na unguwa ɗaya in su ka haɗa kuɗi, ko ta hanyar adashi, su ka sayi zare kwali guda a wurin 'yan sari, za su same shi ƙasa da farashin ɗai ɗai. In ƙungiyar ta yi ƙarfi, ana iya yi mata rajista a matsayin ƙungiyar gama kai. Ana kuma iya neman bayani game da koyon sana'a a cibiyoyin mata na ƙananan hukumomi, da ofisoshin jiha na Hukumar Samar Da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986. Wadda jarinta bai kai sayen sabon zare ba, tana iya warware tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo, ta naɗe zaren a bayan kujera, ta wanke, ta rataye shi da ɗan nauyi a ƙasa har ya miƙe.

Mai saƙa ta kula da kanta. A zauna inda akwai haske, a jingina baya, a riƙa ajiye aiki ana miƙe yatsu. Kaushin hunturu ya kan kama zare ya tsittsinke shi, man kaɗanya da dare ya kan yi maganin wannan. Allura da kwarashi kuwa a soke su cikin curi a rataye sama, kada a bar su a kan tabarma inda yara ke rarrafe.

Wanki Da Ajiya

Ana wanke saƙaƙƙen kaya da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a matsa a hankali, ba a cuɗawa, ba a murɗawa. Ruwan zafi ya kan sa ulu na gaskiya ya ƙanƙance ya daskare, ba ya kuwa komawa. A shimfiɗa a inuwa a bisa tsabtataccen zane, gama in aka rataya a igiya nauyin ruwa zai ja rigar ta zama ta wani. Ba a yi wa zaren roba guga. Sabon abu ma, wanke shi a ke yi kafin a sa wa jariri, domin ya sha ƙurar hazo da gumin hannu.

Idan sanyi ya wuce a ƙarshen Fabrairu, a wanke kayan, a tabbata sun bushe sarai, a ninke su cikin jakar yadi ko akwati mai murfi. Akwai al'adar jefa ƙwallayen kafur cikin akwatin tufafi don korar asu da kyankyaso. Likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi a kan haka, domin jarirai da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifar su da wani rauni na jini da a ke gado, wanda sinadarin kafur ya ke tayarwa. Jinin ya kan farfashe, shawara mai tsanani ta kama jariri, idonsa da fatarsa su yi rawaya, har ta iya taɓa ƙwaƙwalwa. Tururin da ya kama tufafi ma ya isa ya jawo haka. Saboda haka kada kafur ya kusanci kayan jariri ko zanen goyo, kuma duk kayan da aka gada daga wa ko ya, in sun taɓa zama tare da shi, a wanke su, a shanya su a iska kwana da kwanaki har warin ya fita sarai kafin a sa wa sabon haihuwa.